Me ya sa FeOOH da MnOOH da CoOOH ba sa rage nauyi iri ɗaya a wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin kimiyyar sinadarai. Na haɗa FeOOH da MnOOH da CoOOH a ɗakin gwaji, na sa kowanne a na'urar TGA, mai auna nauyin samfur yayin da ake dumama shi, cikin iska, zafi yana hawa digiri 10 a minti. A lissafina, tunda ruwa ne zai fita, kowanne zai rage wajen kashi 10 cikin 100. Amma na ƙarfe (FeOOH) ya rage 12.4, na kobal (CoOOH) ya kai kusan 13, na manganis (MnOOH) kuwa ko 2 bai kai ba sai da na wuce digiri 500. Ga shi kuma na ƙarfen ya rushe a wajen 265, alhali takardar da nake bi ta ce 330. Samfurorin ne suka lalace ko na'urar ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kar ki zubar da ko ɗaya daga cikinsu, na'urar ma ki daina zarginta. Lambobin nan da kika kawo su ne ma suka gamsar da ni cewa abin da kika yi niyyar haɗawa shi kika haɗa. Da a ce duka ukun sun ba ki kashi 10 cif, to da sai in ce ki koma ki binciki kwalabenki. Matsalar tana cikin zaton da kika ɗora lissafin a kansa, cewa tunda siga ɗaya ake rubuta su da ita, ƙarfe sannan OOH, to hali ɗaya za su nuna a wuta. Kama da wane ba ta wane.

Abu na farko da nake so ki cire daga ranki shi ne cewa busarwa kike yi. Babu ruwa a cikin FeOOH. Abin da ke ciki ƙarfe ne mai caji +3, da O²⁻, da OH⁻, kowanne zaune a gurbinsa cikin kiristal. Kafin ƙwayar ruwa guda ta samu, sai furoton ya bar wani OH ya tsallaka zuwa OH na maƙwabtaka. Wanda ya karɓa ya zama H₂O, wanda aka bari ya zama O²⁻. Bayan haka sai ruwan ya saki ƙarfen da yake riƙe da shi, ya nemi hanyar fita daga cikin daskararren abin da ba shi da ƙofa. Wato zafin ne ke ƙera ruwan nan take, kuma kowane mataki cikin ukun nan yana iya zama wanda ke jan ƙafa. Ga ƙarfe, lissafinki daidai ne:

2FeOOH → Fe₂O₃ + H₂O

Mol ɗaya na FeOOH giram 88.85 ne, biyu 177.70, ruwan da ya tafi 18.02, ya kama kashi 10.14 cikin 100.

To ina rarar kashi biyu da ɗoriya ta fito? Ba daga cikin kiristal ba. Ki koma ki dubi zanen nauyin da TGA ta ba ki daga farkonsa, za ki ga layin ya soma sulalewa ƙasa tun daga digiri 40 ko 50, a hankali, har wajen 150. Wannan laima ce da ta manne a jikin ƙwayoyin hodar, kuma gwargwadon laushin hoda gwargwadon laimar da take kamawa. Ki ɗauki nauyin da ya rage a digiri 150 a matsayin ɗari bisa ɗari, ki sake lissafi daga nan. In kashi 2 ne ya tafi kafin 150, saura 10.4 cikin 98, wato 10.6. Ɗan abin da ya haura 10.14 kuwa, ko OH ne na saman ƙwayoyin, ko ɗan ferihaidurait, wani sinadarin ƙarfe mai ɗauke da ruwa da bai gama zama kiristal ba, ko ragowar gishirin da kika fara aikin da shi in wanki bai isa ba. Naitiret yakan tafi da wuri ya ɓuya cikin babbar gangarar, salfet kuma yakan jira sai an haura 500 sannan ya yi tasa 'yar gangarar shi kaɗai.

Ba ki faɗa mini wane FeOOH kika haɗa ba, kuma wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, domin ba guda ɗaya ba ne. Akwai gotait, α-FeOOH, rawaya, wanda aka raɗa wa sunan marubucin Jamus Goethe a 1806. Akwai lefidokrosait, γ-FeOOH, mai ruwan lemo, wanda ya yawaita cikin sabuwar tsatsa. Akwai akaganiyait, β-FeOOH, da ya ɗauko sunansa daga mahaƙar Akagane a Japan. A lissafin takarda duka ɗaya suke, ruwa ɗaya za su bayar. Amma abin da kowanne zai bari a kasko daban ne, kuma dalilin hakan shi ne abin da ya fi burge ni a wannan fanni gaba ɗaya.

A cikin waɗannan kiristal, oksijin ne mai jiki, shi ya cika wurin. Ƙarfe ɗan mitsitsi ne da ke zaune a lungunan da ke tsakanin oksijin. A gotait shimfiɗun oksijin suna hawa kan juna ne bi da bi, ABAB, kuma haka suke a hematait, α-Fe₂O₃. Saboda haka in ruwa zai fita, ba sai an rushe ginin an ɗora sabo ba. Oksijin ɗaya cikin huɗu ya tafi, sauran ukun suna nan kusan inda suke, ƙarfen ya ɗan gusa zuwa lungun kusa, shi ke nan an sami hematait. Wannan shi ake kira sauyin tofotaktik: sabon kiristal ya gaji fuskokin tsohon da alƙiblarsa, har da surarsa ta waje. Gotait yakan fito kamar allurai. Ki gasa shi a 300 ki duba a madubin ilektiron, alluran suna nan da tsawonsu da kaurinsu, launi kawai ya koma ja.

A nan akwai wani ɗan lissafi mai daɗi. Mol biyu na gotait suna cin wuri kamar santimita kubik 41.6, hematait ɗin da suka haifa kuwa 30.3 kawai. Fiye da rubu'i ya ɓace ke nan, amma allurar ba ta motse ba. Rubu'in nan ya koma ramuka ne a cikinta, siraran tsagogi da suka bi tsawon allurar, kuma ta nan ruwan ya bi ya fita. Shi ya sa in kika auna faɗin fuskar hodar da BET, hanyar da ke auna yawan iskar da ke manne wa fuskar, bayan gashi a 250 zuwa 300, za ki ga ya ninka na asali sau da dama. In kika ci gaba da hura wuta ya wuce 400 zuwa 500, tsagogin su haɗe su zama manyan ramuka zagayayyu, daga baya su rufe, faɗin ya faɗo ƙasa. Mai neman sinadarin hanzarta haɗi ko abin tsotsar guba daga ruwa, a ƙasa yake tsayawa. Mai neman jan launi mai ƙarko, sama yake hawa.

Gadon nan yana barin tabo har a XRD, gwajin hasken X-ray da ke nuna tsarin kiristal ta wasu layuka masu lamba. Hematait ɗin da aka samu daga gotait a ƙaramin zafi ba ya ba da layuka iri ɗaya: 110 da 113 da 300 suna fitowa da kaifi, 012 da 104 da 024 kuma a baje. Dalili shi ne jeren oksijin ya riga ya daidaita tunda gadonsa aka yi, ƙarfen ne bai gama zama a gurabensa ba, ga kuma ɗan OH da ya maƙale wanda ba ya ƙarasa fita sai an yi nisa sosai da zafi. Ɗalibai sukan ɗauka ƙanƙantar ƙwayoyi ce, su sa lissafin Scherrer, mai fitar da girman kiristal daga faɗin layi, a kan layi ɗaya su fito da girman da ba shi da tushe. Masu binciken kayan tarihi kuwa da wannan tabon suke gane ko jan launin da mutanen da can suka yi zane da shi jan dutse ne na asali, ko rawayar ƙasa ce suka gasa ta koma ja. Masu fenti ma sun daɗe a kan wannan: ƙasar Siyena ta Italiya rawaya-rawaya ce ɗanya, in an ƙona ta ta koma ja mai duhu. Sauyin da kika gani a 265 shi ne dai.

Lefidokrosait kuma jerensa ABCABC ne, don haka ba ya zarcewa hematait kai tsaye. Yana zuwa magemait ne, γ-Fe₂O₃, mai irin wannan jeren. Duk shekara nakan nuna wa ɗalibai wannan da idonsu, domin ba ya bukatar wata babbar na'ura. In zuba hodar mai ruwan lemo a ƙananan kasake uku. Na farko in bar shi haka, na biyu ya yi awa ɗaya a tanderu a wajen 250, na uku a 550. In sun huce in zazzage su kan farar takarda, in bi da maganaɗisu ta ƙarƙashinta. Ta farko ba ta motsi. Ta biyu, da ta koma ruwan ƙasa mai duhu, sai ki ga ta miƙe tsaye kamar gashi tana bin hannuna duk inda ya yi. Ta uku ta yi ja, kuma ko kallon maganaɗisun ba ta yi. Ta biyu da ta uku duka Fe₂O₃ ne, nauyinsu ɗaya, TGA ba za ta taɓa nuna miki bambancinsu ba. A DSC ne kawai, gwajin da ke auna zafin da samfur ke sha ko fitarwa, za ki ga ɗan tozon fitar da zafi lokacin da magemait ya juye hematait ba tare da nauyi ya motsa ba.

Alminiyam ba ya cikin ƙarafan tsakiyar jadawali, amma ya fi kowa fito da wannan ƙa'ida fili. Dayasfo, α-AlOOH, gininsa irin na gotait ne, kuma a wajen 500 yake ba da korandum, α-Al₂O₃, kai tsaye. Bohemait, γ-AlOOH, gininsa irin na lefidokrosait ne, sai ya bi ta γ-Al₂O₃ da wasu matakai, ba ya kaiwa korandum sai wajen 1100 zuwa 1200. Sinadari ɗaya, makoma ɗaya, amma tazarar digiri ɗari shida saboda jeren da kowanne ya taso da shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masu ƙera zaren kaset na zamanin da ma sun ci moriyar wannan gado. Alluran magemait suke so, amma gotait ne ya fi ba da allura mai kyau. Sai su yi zagaye: su gasa gotait ya zama hematait, su bi shi da haidurojin ya zama magnetait, Fe₃O₄, sannan su sake ba shi iska a hankali ya zama magemait. Sauyi uku, allurar tana nan.

In kuwa da FeCl₃ kika fara, ba ki ƙara alkali ba sai dumamawa kawai, to mai yiwuwa akaganiyait ne a hannunki, kuma ki yi hattara. Gininsa yana da 'yan hanyoyi kamar bututu, kuloraid na zaune a ciki, wanki ba ya fitar da shi duka. In ya ji wuta sai ya fito a matsayin HCl tare da tururi. Na koyi wannan ne da tsada. Ina sabon shiga, na jera samfur shida na akaganiyait na bar na'ura tana ta aiki dare guda, na kuma rage gudun iskar da ke wanke tanderun don kar silinda ta ƙare. Da safe na buɗe na tarar siririyar wayar da ke riƙe da kaskon ta yi tabo, ga wani ɓawo ruwan ƙasa a bakin mafitar iskar, layin tushe kuma, wato layin da ake samu in kasko babu komai, ya daina tsayawa wuri ɗaya. Mako biyu ba wanda ya yi gwaji a ɗakin, kuma laifina ne ni kaɗai. In na ƙarfenki irin wannan ne, wani ɓangare na 12.4 ɗin kuloraid ne.

Yanzu manganis, inda gizo ke saƙar. Duk abin da na faɗa a baya ya ginu ne a kan cewa ƙarfen ya shiga wuta yana +3 ya fito yana +3. Fe yana yin haka domin +3 wurin hutawarsa ne a cikin iska. Mn ba haka yake ba. A ƙaramin zafi, in akwai oksijin a kusa, +4 ya fi masa daɗi. Manganait, γ-MnOOH, gininsa kusan ginin fairolusait ne, β-MnO₂, sai dai ya ɗan karkace kuma akwai haidurojin a maƙale. Don haka hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya saki haidurojin ɗin kawai, ya riƙe oksijin ɗinsa duka biyu:

4MnOOH + O₂ → 4MnO₂ + 2H₂O

Ki lura da kyau, a lissafi oksijin ɗin da ya tafi cikin ruwan iska ce ta biya shi, ba samfurin ba. Abin da samfurin ya yi asara haidurojin ne kaɗai: daga 87.94 zuwa 86.94, kashi 1.15 cikin 100. Wannan ita ce 'yar gangarar da kika gani a wajen 250 zuwa 300 kika raina ta. Ruwa ya fita cikakke, daidai da wanda ƙarfe ya fitar, sikeli ne bai gani ba domin abin da ya fita an mayar da kusan dukkansa ta wata ƙofar. A ma'adinai ma haka ake samu: fairolusait mai surar manganait, cike da 'yan tsagogi saboda gefe ɗaya na kiristal ɗin ya motse lokacin da haidurojin ya tafi.

Babbar gangarar da kika gani bayan 500 kuwa ba ruwa ba ne sam. MnO₂ ne ya kai iyakar juriyarsa yake sakin oksijin ya koma Mn₂O₃, kashi 9.2 na nauyinsa. In kika haɗa matakan biyu daga nauyin farko za ki sami 10.2, wato lambar da kika yi tsammani tun farko, sai dai ta hanyar da ba ki zata ba, kuma da ba ki kula ba da kin rubuta cewa ruwa ya fita a 550. Na ga an rubuta haka a rahoto fiye da sau ɗaya. In kika ci gaba har wajen 900 zuwa 1000, akwai mataki na uku, Mn₂O₃ zuwa Mn₃O₄, kashi 3.4. Akwai kuma baƙon da yakan shigo tsakani, musamman in ƙwayoyin ƙanana ne ko oksijin ya yi ƙaranci: Mn₅O₈, mai Mn²⁺ biyu da Mn⁴⁺ uku. Daga MnOOH zuwa gare shi kashi 8.4 ne. In kika ga layi ya tsaya a wata lamba tsakanin 1 da 10, ki fara zargin cakuɗen MnO₂ da shi.

Kobal kishiyar manganis ne. Shi ba hawa yake son yi ba, sauka yake so. Co₂O₃ da kika sa a lissafinki, wanda zai ba da 9.8, ba abu ne da ke tsayawa da ƙafarsa a irin wannan yanayi ba. Abin da ake samu Co₃O₄ ne, inda kobal ɗaya cikin uku ya sauka +2, kuma ilektiron ɗin da ya karɓa daga oksijin ya karɓo su, oksijin ɗin ya tashi a matsayin iska:

12CoOOH → 4Co₃O₄ + 6H₂O + O₂

Daga 91.94 zuwa 80.27 a kan kowane kobal, kashi 12.7. Ki ƙara 'yar laima, ga kusan 13 ɗinki. In kin kai wajen 900 cikin iska za ki ga wata gangarar ta 6.6, Co₃O₄ ya koma CoO, kuma in kika bar na'urar tana auna nauyi yayin da tanderun ke hucewa, za ki ga nauyin ya dawo sama domin CoO ya sake shan oksijin ɗinsa.

Nikel ya fi kobal rashin haƙuri da +3. NiOOH gaba ɗayansa yake sauka +2, ya bar NiO, ya fitar da ruwa da oksijin, kashi 18.5. Wannan ba zancen ɗakin gwaji kaɗai ba ne, domin NiOOH shi ne abin da ke cikin batirin nikel da kadmiyam da na nikel da haidurait in an cika su da caji. Irin wannan hali na nikel mai babban caji, na sakin oksijin in ya ji zafi, shi ne kuma ke cikin abubuwan da ake tsoro a batiran litiyam masu yawan nikel. Kuromiyam kuma yana can ɗaya gefen: makomarsa Cr₂O₃ ce, kashi 10.6, amma β-CrOOH cikin iska yakan fara bin hanyar manganis, ya saki haidurojin ya zama CrO₂ kafin daga baya ya sauko. In kika jera su yadda suke a jadawali, Cr, Mn, Fe, Co, Ni, za ki ga na hagu suna iya hawa, na dama suna sauka, ƙarfe ne kaɗai a tsakiya ya zauna inda yake. Shi kika ɗauka mizani, alhali shi ne ya fita daban.

Saura zancen 265 da 330. Ni a ganina kalmar nan ta “zafin rushewa” tana ɓatar da mutane, domin tana sa a ɗauka lamba ce tsayayya kamar zafin narkewar ƙanƙara. Ki yi lissafin da kanki daga teburin tamodainamik: rushewar gotait zuwa hematait da tururi tana shan zafi kamar kilojul 50 da 'yan kai a kan kowane mol na ruwa, entirofi kuma, wato mizanin watsuwar tsari, yana ƙaruwa da wajen jul 157 a kowane digiri. Ki raba na farko da na biyu, ki mayar da amsar daga Kelvin zuwa Salshiyos, za ki ga tun ƙasa da digiri 100 an ba gotait izinin rushewa. Bai rushe ba ne saboda hanya babu, ba don bai kamata ba. Don haka lambar da na'ura ke ba ki ba ta gaya miki inda daidaito yake, tana gaya miki lokacin da saurin aikin ya kai yadda za a gan shi ne, kuma sauri yana bin yanayi.

Girman kiristal shi ne na farko. Allura mai kauri, da zarar bayanta ya zama hematait, ruwan ciki sai ya yi doguwar tafiya, tururi ya taru a ramukan, tururin kuma ya danne aikin. Gotait na dutse mai manyan kiristal yakan haura 300 sosai, wanda aka haɗa a kwalba mai laushi ya rushe a 250 da ɗoriya. Udo Schwertmann, masanin ƙasa na Jamus, ya yi nazari a 1984 kan yadda gotait mai kyawun kiristal ke ba da tozo biyu maimakon ɗaya, don haka in kika ga tozonki ya rabu, kar ki yi saurin cewa abu biyu ne a kaskon. Alminiyam in ya shiga gurbin ƙarfe a cikin gotait, kamar yadda yake yi a na ƙasa, shi ma yana ɗaga zafin. Sauran kuma a hannunki suke. Miligiram 5 a baje da miligiram 40 a danƙare ba za su ba da lamba ɗaya ba. Kasko mai murfi yana tsare tururi ya tura tozon sama. Hawan digiri 20 a minti yana ba da lamba sama da hawan digiri 2, domin zafi yana gudu ya bar aikin a baya. Tazarar digiri 65 tsakaninki da takardar nan ba ta ba ni mamaki ba ko kaɗan, kuma ba ta nufin ɗayanku ya yi kuskure.

Wannan gusawar tozo da saurin hawa ita ce Homer Kissinger ya gina hanyarsa a kanta a shekarun 1950, ta fitar da kuzarin tayar da aiki daga gwaji uku ko huɗu masu sauri daban-daban. Ki yi amfani da ita in ana bukata, amma ni ba na ba lambar da take fitarwa muhimmanci mai yawa a irin waɗannan sinadarai. Hanyar ta ɗauka mataki ɗaya ne ke gudana kuma ba ya komawa baya. A nan kuwa furoton na tsallake, ruwa na neman mafita, ramuka na buɗewa, tururi na dannewa, duk a lokaci guda. Sau da yawa abin da aka auna halin kaskon ne da yawan hodar, ba halin sinadarin ba. Ga manganis ma abin ya fi muni, tunda isowar oksijin ƙasan hodar ta shiga cikin lissafin.

Da ni ne ke, ga abin da zan yi kafin in rubuta komai. Zan sake gwajin duka ukun cikin naiturojin, da miligiram 5 zuwa 10, bayan na fara gudanar da kasko babu komai don in cire layin tushe. Wannan na ƙarshen ya zama dole ga manganis, domin iska in ta yi zafi tana rage ɗaga kaskon, nauyi ya yi kamar ya ƙaru, kuma wannan ɗan kuskuren yana iya cinye rabin kashi 1.15. Na ƙarfe bai kamata ya canja ba, sai fa in akwai ragowar sinadarin kabon a jikinsa, wanda zai iya mayar da shi baƙin magnetait. Na kobal zai ba da 12.7 ɗinsa, sai dai CoO zai zo da wuri. In na'urarku tana haɗe da mai tantance nauyin iskar da ke fita, ki bi lamba 18 ta ruwa da 32 ta oksijin da 44 ta kabon dayoksaid: a ƙarfe 18 kaɗai zai tashi, a kobal 18 da 32 za su tashi tare. In babu, ki gasa kowanne a tanderu zuwa inda layin ya miƙe bayan kowace gangara, ki fitar ki yi XRD.

Na manganis shi zai fi sauyawa. In babu oksijin hanyar MnO₂ ta toshe, sai ki ga babbar gangara tun matakin farko, wajen 10 ko sama da haka, gwargwadon ko Mn₂O₃ ne ya fi yawa, ko Mn₃O₄. In kuwa kika sa naiturojin amma har yanzu ya ba ki kashi 2 ko 3, to iska na shiga ta wani wuri. Ki duba robar bakin tanderun da mahaɗar bututun, sannan ki bar naiturojin ya wanke tanderun aƙalla rabin awa kafin ki kunna wuta.